Ɗan Anace, wanda ya tallata dambe kafin zuwan Facebook

A sashen hulɗa da jama'a inda nake koyon aiki, kullum maganar ɗaya ce: yaya sunan ɗan wasa zai fito har masu kuɗi su ɗauki nauyinsa? Ni kuwa sai in tuna Ɗan Anace.

Sunansa Muhammadu Bawa, mutumin ƙasar Gandi ne a Sakkwato. Makaɗin kalangu ne, ya yi wa manoma waƙa, amma a fagen dambe ya fi shahara. Shi ya kai Shago kunnen mutanen da ba su taɓa ganin ya ɗaure hannu ba. Kuma fa bai tsaya ga yabo ba. Karawar Shago da Ɗandunawa ya mayar labari, da zancen mutuwa a ciki, har mai sauraro ya ji kamar yana bakin fage. Rediyo da kaset suka ƙarasa aikin.

Ya rasu tun kafin a haifi yawancinmu. Amma Alhamis ɗin nan a kasuwar Maigatari na ji muryarsa a wayar wani dillalin raƙuma. Samarin wurin duk sun san Shago. Da na tambaye su wa ya ɗauki nauyin gasar ƙwallonmu ta bara, sai kallon juna.