Skanderbeg: Yaron fadar Usmaniyya da ya tsere ya riƙe birnin Kruya kusan shekara 25

Kimanin kilomita 30 a arewa da Tirana, babban birnin Albaniya, akwai wani gari da ke maƙale a ƙirjin dutse. Sunansa Kruya, daga kalmar da ke nufin maɓuɓɓugar ruwa a harshen mutanen ƙasar. A cikin tsohuwar ganuwar garin akwai babban gidan tarihi, a gabansa kuma kufan wani masallaci da guntun hasumiyarsa. An gina gidan tarihin ne domin Skanderbeg, gwarzon ƙasar Albaniya. Masallacin kuwa yana ɗauke da sunan Sarki Muhammad al-Fatih, wanda ya ci Istanbul. Waɗannan mutane biyu sun shafe shekaru suna gwabza yaƙi a kan wannan dutse, ga shi yau ƴan taku kaɗan ne tsakanin wuraren tunawa da su.

Sunansa na yanka Gjergj Kastrioti, an haife shi a shekarar 1405. Mahaifinsa Gjon Kastrioti ƙaramin basarake ne da ke riƙe da wani yanki na tsaunuka a arewacin Albaniya, tsakanin manyan dauloli biyu da ba ya iya ja da ko ɗaya: Usmaniyya ta gabas, jamhuriyar Venis mai jiragen ruwa ta yamma. Gjon ya rayu ne da dabara. Yakan sauya ɓangare gwargwadon inda iska ta kaɗa, wani lokaci har da addini. Gidan Kiristoci ne, ɗaya daga cikin ƴaƴansa ma, Reposh, ya ƙare rayuwarsa a gidan masu ibada na dutsen Athos a ƙasar Girka. Amma da Usmaniyya ta matsa, sai Gjon ya yi abin da ƙananan sarakunan yankin Balkan suka saba: ya miƙa ɗansa jingina a fadar sarki, don a tabbatar ba zai yi tawaye ba.

Haka Gjergj ya tsinci kansa a Edirne, hedikwatar daular a wancan zamani, a fadar Sarki Murad na Biyu. Can ya musulunta, ya koyi harsuna da hawan doki da dabarun yaƙi, aka kuma laƙaba masa suna Iskandar Bey, don tunawa da Iskandar na Makidoniya. Daga wannan suna aka samu Skanderbeg. Ya yi wa sarkin hidima kusan shekara 20, ya hau muƙamai, har ya taɓa riƙe Kruya ɗin kanta a matsayin jami'in daular wajen 1437, daga baya kuma aka ba shi yankin Dibra. Wanda ya gan shi a lokacin ba zai ga komai ba face hafsan Usmaniyya mai kyakkyawar makoma.

Abin ya juya a watan Nuwamban 1443. Rundunar Usmaniyya ta kara da ta Janos Hunyadi na Hungari a kusa da garin Nish, cikin Sabiya ta yau, ta kuma sha kashi. Ana cikin wannan ruɗani Skanderbeg ya janye da mahaya kimanin 300 ƴan ƙabilarsa, ya nufi gida. Tsofaffin littattafan tarihinsa sun ce ya tilasta wa magatakardan sarki ya rubuta takardar bogi mai umartar gwamnan Kruya ya miƙa masa garin. Gwamnan ya ga hatimi, ya buɗe ƙofa. Ranar 28 ga Nuwamba aka ɗaga jar tuta mai hoton baƙar mikiya mai kai biyu a kan ganuwar, tutar da Albaniya ke amfani da ita har yau.

Ya bar Musulunci ya koma Kiristanci, kuma farkon mulkinsa bai zo da sauƙi ga Musulmin da ya tarar ba. Waɗancan littattafai, da masoyansa ne suka rubuta su, ba su ɓoye cewa an ba sojojin da ke tsaron garin da waɗanda suka musulunta zaɓi tsakanin komawa Kiristanci da mutuwa ba. Wannan ɓangare na labarin ba a cika jin sa a bukukuwan tunawa da shi ba.

Ya san ƙaramin yanki ɗaya ba zai iya tsayawa gaban daula ba. A ranar 2 ga Maris 1444 ya tara manyan gidajen sarautar Albaniya a garin Lezha, suka ƙulla ƙawance, suka naɗa shi jagoran yaƙi. Ƙawancen bai taɓa yin ƙarfi yadda ake zuzuta shi ba. Kowane basarake na tsoron kada Skanderbeg ya haɗiye ƙasarsa, kuma tsoron nasu yana da dalili, domin ya ƙwace yankunan wasu daga cikinsu daga baya. Duk da haka a ƙarshen Yunin wannan shekara ya murƙushe rundunar farko da aka turo masa a filin Torvioll, labarinsa ya fara zagaya fadojin Turai.

Dabararsa ba ta da wuyar fahimta, aiwatar da ita ne sai shi. Rundunarsa ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada da abin da sarki ke iya tarawa, don haka ba ya yarda a tsare shi a cikin ganuwa. Yakan bar amintattu su riƙe garin, shi kuma ya hau tsaunuka da mahayansa, ya ƙone amfanin gonar da abokan gaba za su iya ci, ya tare ayarin abinci, ya faɗa wa sansani da dare ya ɓace kafin gari ya waye. Yaƙin sari-ka-noƙe ke nan, a ƙasar da ya san kowane kwazazzabo nata.

An ga amfanin wannan a 1450, lokacin da Sarki Murad da kansa ya zo ya yi wa Kruya ƙawanya, ɗansa Muhammad yana tare da shi. Saboda wuyar hanya, a gindin dutsen aka narka ƙarfe aka ƙera manyan igwa. Daga watan Mayu har Oktoba ana luguden wuta a kan ganuwar, wani amininsa mai suna Vrana Konti na riƙe da ita daga ciki, Skanderbeg na cizo daga waje. Abin takaici gare shi, fataken Venis, Kiristoci ƴan uwansa, suna sayar wa sansanin sarki abinci a daidai wannan lokaci, don su kasuwa ce a gabansu. Da sanyi ya ƙarato kuma cuta ta shiga sansanin, Murad ya tattara ya koma Edirne, inda ya rasu a farkon 1451.

Nasarar ta bar Skanderbeg da suna, ta kuma bar shi da baitulmali wayam da ƙasa a ƙone. A watan Maris 1451 wakilansa suka sa hannu kan yarjejeniyar Gaeta, inda ya amince ya zama ƙarƙashin Alfonso na Biyar, sarkin Naples a kudancin Italiya, don samun kuɗi da sojoji. A wannan shekarar ya auri Donika, ƴar Gjergj Arianiti, ɗaya daga cikin manyan sarakunan ƙasar. Auren siyasa ne, kamar yawancin na zamanin.

Shekarun da suka biyo baya sun fi ɗaci. Muhammad na Biyu ya ci Istanbul a 1453, hannunsa ya saku. A 1455 Skanderbeg ya je ƙwato garin Berat, ya yi sakaci ya bar rundunarsa ta saki jiki, dakarun Usmaniyya suka auka mata suka yi mata mummunar ɓarna. Ɗaya daga cikin manyan kwamandojinsa, Moisi Golemi, ya koma wajen sarki, ya dawo da runduna ya yaƙe shi, ya sha kashi, sannan ya nemi gafara aka yafe masa. Wanda ya fi ciwo shi ne Hamza Kastrioti, ɗan ɗan'uwansa, wanda ya tsere tare da shi tun daga Nish. Da Donika ta haifi ɗa namiji a 1456, Hamza ya ga gado ya kuɓuce masa, ya sauya sheƙa, ya jagoranci abokan gaba zuwa ƙasar da ya san sirrinta. Skanderbeg ya ɓace cikin tsaunuka na tsawon watanni har aka ɗauka ya watse, sai kwatsam ya faɗa musu a Ujebardha a watan Satumban 1457, ya tarwatsa su, ya kama Hamza da rai. Fafaroma Kalistus na Uku ya ba shi laƙabin gwarzon Almasihu.

Laƙabi dai ba ya ciyar da soja. Daga 1460 zuwa 1462 ya tura dakaru Italiya, shi ma ya tsallaka teku, don taimaka wa Ferdinand, ɗan Alfonso, ya riƙe gadon sarautarsa, aka saka masa da filaye a can. Ya yi sulhu da Sarki Muhammad a 1463, ya warware shi da jin cewa Fafaroma Piyus na Biyu na shirya gagarumin yaƙi. Fafaroman ya rasu a tashar jiragen ruwa ta Ankona a 1464 kafin a tashi, rundunar ta watse, aka bar Albaniya ita kaɗai da fushin sarki.

A 1466 Muhammad al-Fatih ya zo Kruya da kansa. Bai ci garin ba, amma ya yi abin da ya fi igwa illa: ya gina ƙaƙƙarfan sansani a tsakiyar ƙasar, wanda ya zama birnin Elbasan na yau, ya kuma bar Ballaban Pasha ya ci gaba da ƙawanyar. Ballaban shi ma ɗan Albaniya ne da ya tashi a hannun Usmaniyya, kamar Skanderbeg, sai dai shi bai tsere ba. A cikin sanyin wannan shekara tsohon jarumin, yana da shekara sittin da ɗoriya, ya tafi Roma da Naples neman taimako, ya yi makonni yana jira, ya dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Da wannan ɗan abin ya fasa ƙawanyar a watan Afrilun 1467, aka kashe Ballaban. Sarki ya sake dawowa a bazarar, ya sake komawa ba tare da Kruya ba.

Zazzaɓi ne ya kashe shi, ranar 17 ga Janairun 1468, a Lezha, inda ya je neman sake haɗa kan sarakunan da suka rage. Aka binne shi a majami'ar Saint Nikolas ta garin. Kruya ta ƙara shekara 10 kafin yunwa ta sa ta miƙa wuya a 1478. An yi wa masu tsaronta alkawarin fita lafiya, ba a cika ba. Marin Barleti, limamin coci ɗan garin Shkodra da ya wallafa tarihinsa da Latin a Roma a farkon ƙarni na 16, ya ruwaito cewa sojojin Usmaniyya sun tone kabarinsa suka rarraba ƙasusuwan suka yi layu da su, don su samu irin jarumtarsa. Matarsa da ɗansa sun yi hijira zuwa Italiya, dubban jama'a suka bi sahu. Jikokin waɗannan ƴan gudun hijira, da ake kira Arbereshe, suna nan a ƙauyukan Kalabriya da Sisili, suna magana da tsohon harshen kakanninsu bayan fiye da shekara 500.

A gida kuwa ƙasar ta sauya. Cikin ƙarnonin mulkin Usmaniyya yawancin Albaniyawa suka musulunta, da dama daga cikinsu suka kai matsayin babban waziri a Istanbul. Kruya, wadda Turkawa suka kira Akcahisar, ta zama garin Musulmi kuma ɗaya daga cikin cibiyoyin ɗariƙar Bektashiyya. Zawiyar Dollma tana nan cikin ganuwar, a can saman dutsen kuma akwai kogon da ake dangantawa da waliyyi Sari Saltik, inda masu ziyara ke hawa har yanzu. Majami'ar da aka binne Skanderbeg ma an mayar da ita masallaci.

Ta yaya ke nan mutumin da ya bar Musulunci ya yaƙi daular Musulmi ya zama gwarzon ƙasar da Musulmi suka fi yawa a cikinta? Aikin masu kishin ƙasa ne na ƙarni na 19. Suna neman wanda zai haɗa Musulmi da Katolika da Orthodox a ƙarƙashin harshe ɗaya, sai suka ɗauki Skanderbeg suka ajiye batun addininsa gefe, suka riƙe batun ƙasa. Babbar waƙar da ta dawo da shi bakin jama'a, Naim Frasheri ne ya wallafa ta a 1898, kuma shi Musulmi ne ɗan Bektashiyya. Da Ismail Qemali, wani Musulmin, ya ayyana ƴancin Albaniya a garin Vlora a 1912, ranar 28 ga Nuwamba ce, tutar kuma ta Skanderbeg.

Gwamnatin gurguzu ta Enver Hoxha ta kai abin maƙura. A 1967 ta haramta addini baki ɗaya, ta rufe masallatai da majami'u da zawiyoyi sama da 2,000. Shekara guda bayan haka ta kafa mutum-mutumin Skanderbeg bisa doki a tsakiyar Tirana. Mutumin da Fafaroma ya yi wa laƙabi ya koma gwarzon ƙasar da ta ce babu Allah. Gidan tarihin Kruya na wannan zamani ne, an buɗe shi a watan Nuwamban 1982, kuma ƴar shugaban, Pranvera Hoxha, na cikin waɗanda suka zana shi. Wannan ya sa mai ziyara zai ga manyan zane-zanen yaƙi da gumakan jarumai fiye da kayan ƙarni na 15 na haƙiƙa. Kwalkwalinsa mai kan akuya a bisa da takobinsa da ke ciki kwafi ne, na asalin suna wani gidan tarihi a Viyana, babban birnin Ostiriya.

An dawo da ƴancin addini a 1990, zawiyar Dollma ta sake buɗewa. Ƙasa kaɗan da gidan tarihin Skanderbeg akwai wani ƙarami da ba a cika rububinsa ba, a cikin gidan iyalan Toptani da aka gina a 1764. Nan aka adana murhu da wurin matsar man zaitun da ɗakin wanka da ɗakin baƙi na wani gidan Musulmi mai hali a zamanin Usmaniyya. Daga ƙofar ganuwar, hanyar duwatsu ta gangara cikin tsohuwar kasuwa mai rumfunan katako, inda ake sayar da dardumai da farin hular ulu da ƙananan gumakan Skanderbeg, a kuma ba da canji da kuɗin ƙasar, wanda takardarsa ta lek 5,000 ke ɗauke da fuskarsa.