Hanri Puwankare, Malamin Lissafi na Faransa

An haifi Hanri Puwankare a birnin Nansi na ƙasar Faransa ran 29 ga Afrilu, 1854. Ubansa malamin likitoci ne. Da ya ƙare karatu ya taɓa aikin injiniyan ma'adinai, sa'an nan a 1881 ya shiga koyar da lissafi a Jami'ar Faris.

A zamanin nan akwai wata mas'ala wadda ta gagari masana. Tun 1687 Niyuton ya bayyana yadda halittun sama ke jan juna. In biyu ne, kamar rana da duniya, ana iya lissafa tafiyarsu sarai, amma in aka ƙara na uku, kamar wata, sai lissafi ya cije. Sarki Oska na Biyu na Suwidin ya sa gasa bisa irin wannan mas'ala, Puwankare ya cinye a 1889, aka ba shi lambar zinariya da kurona 2,500.

Ana cikin buga rubutunsa sai wani saurayi mai duba shi ya yi tambaya a kan wani wuri. Da Puwankare ya sake nazari, sai ya ga babban kuskure. Bai ɓoye ba. Ya sanar da masu bugawa, ya biya fiye da kurona 3,500 daga aljihunsa, aka sake bugawa a 1890.

To, cikin gyaran nan ne ya gano abin da ya ɗaukaka sunansa. Watau ko da an san dokar da halittun nan uku ke bi, bambanci kamar silin gashi a mafarin tafiyarsu yana iya girma har ƙarshenta ya sāke ɗungum. Wannan shi ne tushen ilmin da ake kira lissafin hargitsi. Ya rasu ran 17 ga Yuli, 1912, yana da shekara 58. A 1963 wani Ba'amurke, Edwad Lorans, ya buga bayanin yadda ya iske abin nan cikin lissafin iska da kwamfuta, aka gane dalilin da ya sa ba a iya faɗin ranar ruwa tun wata guda kafinta.

'Yan'uwa, gobe mu ne a gaban allo. Ranar da almajiri ya nuna mana inda muka karkace, mu tuna da malamin nan, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.