Rabaran Thomas Birch Freeman: Mai Lambun Da Ya Dasa Ikilisiya

'Yan'uwa cikin Almasihu, duk Lahadin da muka taru yin sujada a nan Mando, mu 'yan Metodis muna shan inuwar itacen da wani mai lambu ya dasa. Sunansa Thomas Birch Freeman.

An haife shi a Ingila a 1809, uwarsa Baturiya, ubansa baƙar fata. Aikin lambu yake yi sa'ad da Ubangiji ya kira shi. Ya sauka Cape Coast, a ƙasar Gana ta yau, cikin Janairu 1838, ya tarar ciwo ya ɗauke masu bisharar da suka riga shi. Ba a yi wata biyu ba matarsa ta rasu. Duk da haka bai juya ba.

Ran 24 ga Satumba 1842 ya iso Badagry tare da William de Graft, Bafante. Da ya tashi, de Graft da matarsa ne suka zauna riƙon majami'a da makaranta.

A 1857 ya ajiye aiki saboda saɓani da shugabanninsa kan kashe kuɗi fiye da kima. Sai 1873 ya komo bakin aiki. Ya rasu a Akara a 1890.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rabaran yana bukatar katikis, da ma'aji mai rubuta kowane kwabo na baiko, da mai sharar majami'a. Mu riƙa tunawa da su cikin addu'a. Ubangiji ya ƙarfafa su, amin.