Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Karatun Mata

An haifi Shehu Usmanu a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi. Kakanninsa ma a ƙasar Ƙonni suka zauna. Ya tashi a Degel, ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20.

Wasu malamai sun yi masa ca don ya bar mata suna halartar karatunsa, amma bai fasa ba. A littafinsa Nurul Albabi ma sai ya caccaki masu koyar da almajirai don neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin salla ba, balle na saye da sayarwa. 'Yarsa Nana Asma'u ta ɗora daga nan.

Ya rasu a Sakkwato a 1817.