Rudolf Diesel, Bajamushen Da Ya Ƙago Injin Gas

Duk wanda ya tsaya a bakin titin da ya taso daga Kano ya bi ta Wudil ya ratsa Birnin Kudu, ba zai daɗe ba sai ya ji rugugin manyan motoci masu ɗauke da hatsi ko shanu ko siminti. Man da suke sha mu nan gas muke ce masa, waɗansu kuma su ce dizal. To, wannan suna na biyu asalinsa sunan mutum ne, watau Rudolf Diesel, wani injiniya Bajamushe da ya rasu cikin shekarar 1913. Irin injin da ya ƙago shi ne a cikin motocin nan, shi ne kuma a cikin injinan niƙa da yawa na ƙauyukan Gwaram. Har ila yau jikansa ne a cikin Marsandi mai shan gas, irin ta manyan mutane, wadda aka sani da tsimin mai da jure doguwar tafiya. Shi kansa mai ƙagowar bai taɓa ganin irin wannan mota ba.

An haifi Diesel a birnin Paris ran 18 ga watan Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne da suka je Faransa neman abinci, ubansa Theodor kuwa baduku ne mai ɗinkin jakunkuna da bangon littattafai, ba shi da wani abin hannu. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa cikin 1870, sai aka kori Jamusawa daga Paris, iyalin suka yi gudun hijira zuwa Landan. Can ma zama bai yi daɗi ba, saboda haka aka tura yaron, yana ɗan shekara 12, zuwa garin Augsburg wurin danginsu. Mai riƙonsa, Christoph Barnickel, malamin lissafi ne, nan kuwa hazaƙar yaron ta bayyana. Cikin 1875 ya sami taimakon karatu ya shiga babbar makarantar koyon aikin injiniya ta Munich. Zazzaɓin taifot ya hana shi ɗaukar jarrabawar fita tare da tsararsa, amma da ya ɗauka a watan Janairu na 1880 sai ya fito da sakamako mafi daraja.

A makarantar nan ne ya ji maganar da ta hana shi sakat har ƙarshen ransa. Malaminsa Carl von Linde, gwanin ƙera injin ƙanƙara, ya bayyana musu cewa injin tururi, irin mai jan jirgin ƙasa a wancan zamani, abin da yake juyawa ya zama aiki bai wuce kashi goma cikin ɗari na zafin kwal ɗin da aka ƙona masa ba, sau da yawa ma bai kai ba. Sauran duk ya bi iska. Ga ɗan talaka wanda ya tashi yana ƙirga kwabo, wannan almubazzaranci ne da ba ya jin zai iya kau da kai a kansa. Ya koma Paris ya yi wa Linde aiki a masana'antar ƙanƙara, ya auri Martha Flasche cikin 1883, suka haifi 'ya'ya uku, amma da dare kan lissafin injinsa yake kwana. Wani gwaji da ya yi da tururin sinadarin amoniya ya fashe da shi, ya yi watanni a asibiti.

Dabarar da ya tsaya a kanta daga bisani mai sauƙin faɗi ce. Duk ɗan makarantar da ya taɓa bai wa tayar keke iska ya san famfo yakan yi zafi a hannu, domin iska idan aka matse ta takan ɗau zafi. Injin fetur yana zuƙar mai da iska a gauraye, ya matse su kaɗan, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsin wuta. Ba ya iya matsewa ƙwarai, don kada man ya kama tun lokaci bai yi ba. Shi kuwa Diesel ya ce a zuƙi iska tsagwaronta, fistan ya matse ta matuƙa har zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan a fesa mai a ciki, ya kama da kansa ba tare da fulogi ba. Gwargwadon matsin nan, gwargwadon aikin da ake tatsowa daga kowane ɗigon mai. Nan tsimin injin gas yake, nan kuma wahalarsa take, gama dole a ƙera shi da kaurin ƙarfe don ya jure.

Ya sami takardar mallakar dabarar daga gwamnatin Jamus a watan Fabrairu na 1893. Masana'antar injuna ta Augsburg, wadda daga baya ta zama kamfanin MAN, tare da kamfanin Krupp suka ɗauki nauyin gwaji. A gwajin farko, ran 10 ga Agusta, 1893, man ya kama da ƙarfin da ya tarwatsa ma'aunin da ke jikin injin. Sai a watan Fabrairu na 1894 injin ya yi gudu da kansa, shi ma na minti ɗaya. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, lissafin da ya rubuta tun farko ba zai taɓa motsa inji ba yadda yake, sai da ya sassauta matsin ya sāke tsarin ƙuna. Abokan hamayyarsa sun riƙe wannan suna yi masa gori da shi har ya bar duniya, Ingilishi kuma suna cewa nasu Herbert Akroyd Stuart ya riga shi. Duk da haka, ran 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter ya auna inji na uku, aka tarar yana cin moriyar kashi 26 cikin ɗari na zafin mansa, watau ya ninka injin tururi har da ɗoriya.

Daga nan kuɗi suka yi ta kwararowa. Adolphus Busch, wani attajirin Amurka, ya sayi izinin ƙera injin a kan mak miliyan ɗaya na kuɗin Jamus, waɗansu kamfanonin Turai ma suka saya. Diesel ya gina katafaren gida a Munich. Sai dai gwanin tsimin mai bai iya tsimin dukiya ba. Ya zuba kuɗi cikin cinikin filaye da haƙar mai, suka nutse. Injinan farko da aka sayar wa jama'a suka riƙa lalacewa, ga shari'u, ga ciwon kai mai tsanani da ya kai shi gidan jinya. Burinsa tun asali shi ne ƙananan masu sana'a su sami inji mai araha da za su yi gogayya da manyan masana'antu, har ya wallafa littafi cikin 1903 a kan haɗin kan ma'aikata, amma bai sami kasuwa ba.

Akwai wani babi na tarihinsa da ya shafe mu. A baje kolin duniya da aka yi a Paris cikin 1900, an tayar da wani ƙaramin injin Diesel da man gyaɗa zalla, bisa roƙon gwamnatin Faransa, wadda ke neman yadda ƙasashen Afirka da take mulki za su sami man inji daga gonakinsu. Injin ya yi aiki lami lafiya, 'yan kallo kaɗan ne ma suka lura. Diesel ya yi ta ba da labarin wannan gwaji cikin laccocinsa na 1912, yana ganin wata rana man tsirrai zai yi daraja. A daidai wannan shekara ce cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano bayan isowar jirgin ƙasa, manoman karkarar Kano, wadda Birnin Kudu ke cikinta a lokacin, suka shiga nomanta gadan-gadan har aka kai ga dalar gyaɗa. Amma gyaɗar tamu Turai aka yi ta kaiwa don abinci da sabulu, injin kuwa ya zauna a kan man da ake haƙowa daga ƙasa, saboda ya fi araha.

Ran 29 ga Satumba, 1913, Diesel ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp ta Beljiyam zuwa Ingila don wani taron kamfani. Ya ci abincin dare da abokan tafiyarsa, wajen ƙarfe goma ya nufi ɗakinsa, ya bar saƙo a tashe shi da ƙarfe shida da kwata. Gari ya waye ba a gan shi ba, shimfiɗarsa kuwa ba alamar an kwanta. Bayan kwana goma wani jirgin Holan ya ga gawa a teku, ma'aikatan suka ɗebe 'yan kayan aljihunta suka mayar da ita ruwa, ɗansa Eugen ya shaida kayan na ubansa ne. An yi ta raɗe-raɗin cewa kashe shi aka yi don kada ya sayar wa Ingila asirin injin jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa, amma ba a kawo hujja ba. Abin da ya tabbata shi ne jakar da ya bar wa matarsa, wadda aka tarar da 'yan kuɗi a ciki da takardun da ke nuna cewa dukiyar ta ƙare. Yawancin masu tarihi sun tafi a kan cewa shi ya jefa kansa. Shekararsa 55.

Ya bar injinsa a masana'antu da jiragen ruwa, amma ba a mota ba. Dalili kuwa, na 1897 nauyinsa ya haura tan huɗu, kuma da iska mai matsi ake hura man a ciki, abin da ke bukatar wani famfo mai nauyi. Sai da kamfanin Bosch ya fara ƙera ƙaramin famfon fesa mai cikin 1927 sa'an nan hanya ta buɗe sosai. A watan Fabrairu na 1936 Mercedes-Benz suka fito da 260 D, mai silinda huɗu da ƙarfin doki 45, tana shan kamar lita 9 a kilomita 100, alhali 'yar'uwarta mai fetur tana shan wajen 13. Direbobin tasi ne suka fara rububinta, manyan mutane suka yi mata kallon motar 'yan haya saboda ƙara da hayaƙi.

Wanda ya taɓa tuƙa Marsandi 200 D ko 240 D na ƙirar da ta fito cikin 1976 ya san halinta. Da sanyin safiya sai an jira injin ya ɗumama kafin a tayar. In ta tashi sai ka ji ƙwanƙwasa kamar maƙeri na dukan uwar maƙera, wannan kuwa ƙarar man ne yana kamawa cikin iska mai matsi. Ba ta da zafin nama. 200 D takan ci kusan rabin minti kafin ta kai gudun kilomita 100. Amma tana da ja tun injin bai ɗaga murya ba, ba ta son yawan canjin giya a hawa, in kuwa ta miƙa a doguwar hanya sai allurar mai ta yi kamar ta maƙale. Kaurin ƙarfen nan da matsi ya tilasta shi ne ya ba ta tsawon rai. Cikin 1978 aka sa wa 300 SD na'urar tura iska mai suna turbo, cikin 1997 kuma aka shigo da fesa mai ta hanyar kwamfuta, ƙarar ta ragu, gudun ya ƙaru, har motar gas ta shiga jerin motocin manyan ma'aikata a Turai. Hayaƙi dai bai bar ta ba, domin cikin 2015 aka kama kamfanin Volkswagen da yin coge a gwajin hayaƙin motocinsa.

A Nijeriya ƙaramar motar gas ba ta yi tashe irin na Turai ba. Fijo 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar cikin 1975, wadda ta zama motar ma'aikatan gwamnati, galibinta mai fetur ce. Gwamnati kuma ta janye tallafin gas tun zamanin mulkin farar hula na Obasanjo, ta bar na fetur har zuwa watan Mayu na 2023, saboda haka shekara da shekaru mai motar gas yakan biya kuɗin lita fiye da maƙwabcinsa mai fetur.