MADAM KURI: BAƘUWAR DA TA TONO RADIYAM

Jama'a, yau tarihinmu na wata 'yar ci-rani ce. An haifi Mari Kuri a birnin Warso, ƙasar Folan, ran 7 ga watan Nuwamba, 1867. Da yake iyayenta ba masu hali ba ne, sai ta shiga aikin koyar da 'ya'yan masu kuɗi, tana aika wa yayarta kuɗin karatun likita. A 1891 ita ma ta bi ta Faris, inda ta yi karatu cikin sanyi da yunwa.

A 1895 ta auri Fiya Kuri. Su biyu suka gano sinadarin radiyam a 1898. Shekara huɗu tana dafa tan-tan na dutse cikin wata rumfa mai yoyo kafin ta tace abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Ta sami kyautar Nobel a 1903. Keken doki ya kashe mijinta a 1906, amma ba ta ajiye aiki ba, har ta sami ta biyu a 1911.

Tun a zamanin nan aka lura cewa radiyam yana fitar da wani haske wanda ido ba ya gani, mai farfasa ruwa. Daga baya masana suka gane sauran. Gutsattsarin ruwan da ya fashe su ke afka wa sukarin da ke ciki, su fizge masa haidurojin, su tsinka dogayen sarƙoƙi irin na sitaci. To, jikin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne, kuma zaren gado da ke cikin ƙwayoyinsa da wani irin sukari aka ƙulla shi. Haka hasken ya ci ɓargonta sannu a hankali, har ta rasu ran 4 ga watan Yuli, 1934. Littattafan aikinta ma sai cikin akwatunan dalma aka adana su.

Amma in an auna shi daidai, irin hasken nan yana hana doya tsiro, yana kashe ƙwayoyin cuta a kayan yaji irin cittar da ake nomawa daga Jere zuwa Kafanchan. An gina ɗakin irin wannan aiki a Sheda, kusa da Abuja. Ma'aunin da ake kiyayewa a can, ita ba ta same shi ba.