Tarihin Hans Berger, likitan da ya fara rubuta motsin ƙwaƙwalwar ɗan Adam

Cikin mutum uku da suka tsira daga shanyewar ɓarin jiki, kusan ɗaya yakan faɗa ciwon baƙin ciki. Masu bincike suna neman gane wanda zai kamu tun da wuri, ta hanyar awon lantarkin ƙwaƙwalwa. Ga labarin wanda ya buɗe wannan ƙofa.

An haifi Hans Berger a 1873 a Neuses, kusa da Coburg, ƙasar Jamus. Yana saurayi cikin sojan doki, wata rana dokinsa ya kayar da shi gaban dawakin da ke jan igwa, da ƙyar ya sha. Ran nan kuwa ƴar'uwarsa, tana can nesa, hankalinta ya tashi, har ubansu ya bugo tangaraho. Berger ya ɗauka tunaninsa ne ya isa gare ta. Wannan zato bai tabbata ba, amma shi ya kai shi karatun likita a Jena, inda ya gama a 1897, ya shugabanci asibitin masu taɓin hankali a 1919.

Ran 6 ga Yuli 1924 ya rubuta lantarkin ƙwaƙwalwar wani saurayi mai shekara 17 da aka yi wa aiki a kai. Shekara biyar yana ta sake gwaji a ɓoye, har a kan ɗansa Klaus, sai 1929 ya bayyana. Ya nuna cewa in mutum ya rufe ido ya natsu, layin yakan hau ya sauka wajen sau 10 cikin daƙiƙa. Da ya buɗe ido sai wannan tsari ya ɓace. Likitoci suka yi biris da shi, sai da Adrian da Matthews na Ingila suka gaskata shi a 1934.

Akwai tabo a tarihinsa, ba kuwa ƙarami ba: zamanin Hitler ya zauna cikin kotun da ke hukunta a hana wasu marasa lafiya haihuwa da tilas.

Ya ajiye aiki a 1938. Ciwon baƙin ciki, wanda ya daɗe yana jinyarsa ga wasu, ya kama shi. Ran 1 ga Yuni 1941 ya kashe kansa cikin asibitin nan na Jena, yana da shekara 68.